Asabar a gidan gem na Yaya: Rainbow Six a tsohuwar na'ura

Marwa, Asabar da dare.

Yau ni na riƙe gidan gem tun safe, domin Yaya ya bi motar asuba zuwa Garwa ɗauko kaya, kuma sai gobe da yamma zai dawo. Shagon namu ɗaki ɗaya ne a Domayo mai allo uku, biyu an haɗa su da PlayStation 4, na ukun kuma da tsohuwar PlayStation 3 wadda yara suka juya wa baya tun da aka daina yi mata sabon wasan ƙwallo. A cikin faya-fayan gwanjo da Yaya ya sayo kwanan baya akwai Rainbow Six Vegas 2, ya kuma bar mini sallahu cewa in gwada shi in gani ko zai jawo wa tsohuwar na'urar masu zama, in kuwa bai jawo ba, zai neme mata mai saye.

Kafin yara su fara zuwa na zauna da shi ni kaɗai. Kamfanin Ubisoft ne ya fitar da shi a 2008, daga reshensa na Montreal a ƙasar Kanada, kuma yana cikin jerin wasannin Rainbow Six da ke ɗauke da sunan marubucin Amurka Tom Clancy, waɗanda na farkonsu ya fito a 1998. Rainbow runduna ce ta ƙage, wai an tattaro zaratan dakaru daga ƙasashe daban-daban domin yaƙi da ta'addanci. Mai wasa shi ne Bishop, jagoran tawaga ta mutum uku, sauran biyun na'ura ke tafiyar da su bisa umarninsa. Faifan namu Faransanci yake yi, saboda haka ban sha wahalar gane umarnin ba.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yawan aikin da ake yi a bakin ƙofa tun ba a harba ko harsashi ɗaya ba. Idan ka isa rufaffiyar ƙofa, kana da wata siririyar kyamara mai lanƙwasa da kake zurawa ta ƙarƙashinta, sai ɗakin ya bayyana maka daga ƙasa: ƙafafun kujeru, mutanen da aka yi garkuwa da su a durƙushe, da masu bindiga a tsaye a kansu. Daga nan kana iya yi wa biyu daga cikin masu bindigar alama, na farko da na biyu, domin abokan aikinka su san wa za su fara kayarwa. Sai ka tsayar da su a wannan ƙofar, kai kuma ka zagaya ka nemi wata, ko ka hau rufi ka sauko da igiya ta taga. Sannan ka zaɓi yadda za a shiga: ko a buɗe ƙofar kawai, ko a fasa ta da nakiya, ko a jefa gurneti mai kisa, ko mai hayaƙi, ko mai walƙiya da ke makantar da ido na ɗan lokaci. Idan akwai fararen hula a ciki ka jefa mai kisa, ka kashe waɗanda ka zo ceto, aikin ya lalace ke nan. Shirin yana cin minti biyu ko uku, harbin kansa kuwa kafin ka haɗiye yawu an gama shi. A ganina daɗin wasan duk yana cikin waɗannan mintocin na shiri, kuma wanda bai da haƙurinsu gara ya koma ƙwallo.

Da hantsi yara suka cika shagon, yawancinsu a kan ƙwallo kamar kullum, amma ƙarar bindiga ta janyo wasu suka tsaya a bayana. Na raba allon biyu, na miƙa wa ɗan Yaya hannun gem na biyu, muka shiga sashen da ake farautar 'yan ta'adda a cikin gini ɗaya har sai an ƙarar da su. Yaron ya saba da wasannin harbi na waya, inda ake gudu ana tsalle ana ɓarin wuta, sai ya kutsa cikin zauren wani gidan caca na Las Vegas a guje, ya faɗi tun bai ga wanda ya harbe shi ba. A wannan wasa harsashi kaɗan ke kayar da mutum. Allo ya fara dishi-dishi, in ba ka fake ba shi ke nan.

"Baffa, wannan wasan cuta yake yi," in ji shi.

"Ba cuta ba ce, ɗana. Ka manne da bango, ka leƙa, sannan ka motsa."

Wanda ya fara gane kan abin wani yaro ne marar surutu, mai koyon ɗinki a layinmu, wanda ba ya cikin gwanayen ƙwallo, har sauran kan yi masa dariya. Na lura da hannunsa: yatsarsa ta hagu tana danne da maɓallin fakewa, ba ya saki sai ya tabbata, kuma duk kusurwar da zai wuce sai ya ɗan leƙo da kan bindiga ya koma. Da ya ji muryar abokan gaba a bayan wata ƙofa, bai buɗe ta ba, ya zagaya ta matakala ya ɓullo musu ta baya. Kafin azahar shi ne malamin shagon, waɗanda ke tsokanarsa jiya su ne ke tambayarsa ta ina ake sa wa bindiga abin rage ƙara.

Bayan azahar aka ɗauke wuta, ga rana ta take tsaka. Na tayar da janareta, na kashe allo ɗaya domin tattalin mai, na tambayi yaran wanne za a bari. Abin da ban taɓa gani ba a shagon nan, tsohuwar na'urar ce ta sami masu kare ta.

Da la'asar sakaliya Kawu ya biyo daga kasuwa neman Yaya. Na ba shi kujera da ruwa, ya zauna yana kallon allon bai ce komai ba. A lokacin ni da yaron nan mai koyon ɗinki muna cikin labarin wasan, mun kai wurin da tawagar ke rige-rigen isa wata cibiyar wasanni da aka dasa wa bam mai guba. Masu wasan sun tsara wurin ta yadda duk saurinka ba za ka isa a kan lokaci ba. Kana tsaye a waje, kana jin ihun mutanen da aka kulle a ciki, ba abin da za ka iya. Shagon ya yi tsit. Kawu ya ajiye kofin ya ce, "Wannan kaɗai ne gaskiya a cikin abin da na gani tun zamana."

Na san abin da yake nufi. Rumfarsa ba ta da nisa da Babbar Kasuwa, kuma yana nan ranar 22 ga Yulin 2015 da bama-bamai suka tashi a bakin kasuwar da kuma unguwar Barmare, kwana uku bayan haka wani ya sake tashi a unguwar Pont Vert. Ya juyo gare ni ya ce, "Ɗan nan, a wasanku ɗan ta'adda yana tsaye a ɗaki da bindiga da ƙyalle a fuska yana jiran ku zo. Mu waɗanda suka zo mana 'yan mata ne ƙanana, da kaya a jiki, suna tafiya cikin mutane. Ta ƙarƙashin wace ƙofa za ka zura kyamararka?"

Na ce, "Gaskiya ne, Kawu, Allah Ya kiyaye gaba." Ba ni da wata amsa, kuma ban ga dalilin neman ta ba. Wasan an gina shi ne a kan irin aikin da rundunonin Turai suka yi suna da shi, wato gini ɗaya ko jirgi ɗaya, da masu garkuwa da aka san adadinsu, kamar yadda dakarun SAS na Ingila suka kutsa ofishin jakadancin Iran a Landan a 1980. Abin da ya faru a Fotokol da Kolofata da Amchide, wanda sojojin BIR, rundunar Kamaru ta kai ɗaukin gaggawa, da 'yan sa-kai na ƙauyuka suka yi shekaru suna fama da shi, wani yaƙi ne dabam, na kasuwanni da tashoshi da hanyoyin daji. Kawu bai ce a kashe na'urar ba. Abin da ya ce shi ne kada in bar ƙananan yara su zauna a kai, kuma in rage ƙarar, domin akwai maƙwabtan da har yau gabansu ke faɗuwa in sun ji abin da ya yi kama da fashewa. Duka biyun na yi tun bai tashi ba. A jikin kwalin faifan ma akwai alamar shekaru da ke nuna ba na yara ba ne.

Bayan isha'i, wuta ta dawo, wani abokina mai gyaran waya ya zo da asusunsa na Rainbow Six Siege, wanda ya fito a Disambar 2015, muka ɗora a PlayStation 4. Wannan ba ya yiwuwa sai da intanet, mutum biyar da mutum biyar ne, masu kai hari da masu tsaron gini. Ana ba da daƙiƙa 45 na shiri, masu tsaro suna ƙarfafa bango da farantan ƙarfe suna kafa tarko, masu hari kuma suna tura ƙananan na'urori masu taya su leƙo inda bam yake. Bango da silin da daɓe suna fashewa, don haka babu inda za ka jingina ka ce ka tsira, kuma wanda ya mutu sai ya jira zagaye na gaba. Kowane soja da kayan aikinsa: Sledge da gudumarsa, Thermite da nakiyar da ke narka bangon ƙarfe, Thatcher da gurnetin da ke kashe na'urorin lantarki. Abokina Montagne yake ɗauka, mai doguwar garkuwa, ɗan rundunar GIGN ta jandarmomin Faransa, waɗanda suka ceto fasinjojin jirgin Air France a filin jirgin Marseille a Disambar 1994. Wasa ne mai zurfi ƙwarai, ya fi na safe nesa ba kusa ba, amma da intanet ɗin waya muka haɗa, jinkirin ya sa ana harbe mu bayan mun riga mun fake, ga shi kuma rabin wasan da kunne ake yinsa, sai ka ji takun mutum a saman bene ka san ta inda zai sauko. A shagon da babura ke wucewa a ƙofa, yara goma na gardama, wannan ba zai yiwu ba ko da an sami layi mai kyau.

Don haka abin da zan gaya wa Yaya gobe shi ne kada ya sayar da tsohuwar na'urar, kada kuma ya kashe kuɗi a kan Siege. Sai dai lissafin kuɗi dole ya canza, domin ƙwallo ana biya ne a kan kowane wasa, ana gamawa a tashi, wannan kuwa mai haƙuri zai iya riƙe hannun gem kusan awa guda a kan sefa ɗari, kamar yadda yaron nan ya yi mini yau. Zan ba da shawarar a riƙa biya da rabin awa, a mayar da allon can ƙuryar ɗaki nesa da ƙofa, a kuma sayo hannun gem guda ɗaya, saboda na biyun maɓallin fakewarsa ya fara maƙalewa.