Masu tsara karatun onlayin da yayinsu na duk shekara

Duk mai bibiyar tarukan masu tsara darussan onlayin ya san abin nasu yayi ne, kowace shekara da abin da ake tashe. A 2012 babu abin da ake zance sai MOOC, wato kwas ɗin da dubban mutane za su shiga lokaci guda kyauta, shekarar ce shafukan irin waɗannan kwasa-kwasan, Coursera da edX da Udacity, suka fito, har wasu suka fara cewa jami'a ta kusa zama tarihi. To jami'a dai tana nan, kuma galibin masu rijistar irin waɗannan kwasa-kwasan ba sa kaiwa ƙarshe, masu gamawa sau da yawa ko kashi 10 cikin 100 ba sa kaiwa. Daga nan aka koma kan guntayen darussa na 'yan mintoci, aka zo kan saka maki da baji kamar ana buga gem, tun da ChatGPT ya fito a Nuwamban 2022 kuwa kusan kowace takardar da ake gabatarwa a taro sai an liƙa mata AI a takenta ko da ba ta da alaƙa da shi.

Tarukan kansu ba laifi. Akwai OEB da ake yi a Berlin tun 1995, akwai DevLearn a Las Vegas ta Amurka wanda 'yan kamfani suka fi cikawa, mu kuma wanda ya fi kusa da mu shi ne eLearning Africa, an fara shi a Addis Ababa a 2006 kuma yawo yake yi, ya je Accra a 2008, Kwatano a 2012, Abidjan a 2019, Dakar a 2023, Kigali kam ya sha zuwa. Matsalar kawai kuɗin rijista da jirgi da otal, ga biza, lakcaran da ke lallaɓa albashi ba zai iya ba sai dai in an ɗau nauyinsa.

Ni abin da ke ɗaure min kai shi ne, in ka cire kwalliyar, ainihin aikin bai wani canza ba. Tsarin ADDIE ɗin nan da ake ta cewa ya tsufa, a Jami'ar Jihar Florida aka haɗa shi a 1975 domin horar da sojojin Amurka, kuma abin da ya fara cewa shi ne ka san waye ɗalibinka da abin da yake buƙata kafin ka taɓa kwamfuta, sannan ka tsara, ka haɗa, ka koyar, ka auna ko ya yi aiki. Matakin farkon nan shi ake tsallakewa. Sai ka ga an ɗauki malami yana lakca ta awa ɗaya da rabi, kyamara a kafe waje ɗaya, allo ba ya ganuwa sosai, an loda a Moodle, manhajar da makarantu ke ɗora darussa a kai, an ce an yi kwas. Ɗalibar da ke Gusau ko Maraɗi da ƙaramar Tecno, datarta ta sati ce, sai dare in yara sun yi barci take buɗewa, wallahi minti goma ba za ta yi ba za ta rufe. Binciken da Philip Guo da abokan aikinsa suka yi kan bidiyoyin edX a 2014 ma ya nuna da zarar bidiyo ya wuce minti 6 hankalin masu kallo ya fara barinsa, kuma fa waɗannan yawancinsu ba sa lissafin megabait.

Shi ya sa lokacin korona a 2020, da aka rufe makarantu, darussan rediyo da jihohi irin su Kaduna da Kano suka sa da kuma gurup-gurup na WhatsApp suka fi isa ga mutane fiye da manyan manhajoji. Malami ya turo murya ta minti uku, ya bi da tambaya ɗaya, ɗalibi ya amsa da murya shi ma, gobe a gyara masa. Wannan ma tsari ne, har ya fi wani mai tsada, sai dai ba kasafai ake ba shi babban zaure a taro ba don ba mai sayar da shi.

AI ɗin ma ina amfani da shi, yana saurin fitar da tambayoyin gwaji da daftarin darasi, amma Hausarsa sai ka zauna ka bi ta layi-layi, kuma bai san ɗalibanka na NOUN, jami'ar karatu daga gida ta Najeriya, da rana suna kasuwa ko ofis ba sai ka gaya masa. Ga wanda ba zai iya zuwa taron ba, da yawa daga cikin jawaban ana sa su a YouTube daga baya, ni na kan tsallake na manyan baƙi in nemi na malaman da suka nuna kwas ɗinsu a allo suka faɗi inda ɗalibai suka gudu.