Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Neman Jif

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Makon jiya na tsaya a inda likita ya duba hoton ciki ya ce mana 'yan biyu ne, na fito harabar asibiti ina kallon 'yar Corolla ɗina kamar ranar na fara ganinta. Lissafin bai da wuya: ni, uwargida, Hajiya da ke zaune tare da mu a Ƙofar Ƙaura a nan Katsina, yara biyu, ga biyu tafe. Mutum bakwai kenan a mota mai cin biyar, kuma duk wata sai mun je Daura, kilomita wajen 80, don Hajiya ba ta yarda a yi biki ko suna a dangi ba ta taka ba.

Bari in faɗi gaskiya tunda tarihina nake badawa, ba iyali kaɗai ke raina ba. Tun ina saurayi nake da ciwon mota mai ƙarfi, irin wadda in ka taka ta a miƙen nan na bayan Mashi za ka ji bayanka ya manne da kujera. Sai na ga ai faɗuwa ta zo daidai da zama, zan sayi jif ɗin da nake mafarki in ce don yara ne.

Akwai wani dillali da muka yi makaranta tare, shi ya kai ni wani gareji a hanyar Kano ya nuna mani wata baƙar jif ta Turai mai silinda takwas, kujerun fata, rufin gilashi, da ya tada ta ƙarar kaɗai ta sa na fara lissafin filina na bayan gari. Ya ce, "Alhaji wannan 'yar Kwatano ce, ba ta taɓa taka ƙasar Najeriya da ƙafarta ba, wallahi ko gwamna ya gan ka ciki sai ya waiga." Ni ko Makka ban je ba lokacin amma Alhajin ya yi mani daɗi.

Allah Ya taimake ni ban ba da kafin alƙalami ba sai da na ɗauko bakanikena, dattijo ne da ya fi shekara ashirin yana kwance injin. Bai ko kalli fentin ba. Ya ɗaga kafet ɗin ƙarƙashin kujerar direba ya shinshina, ya jawo bel ɗin kujera har ƙarshe sai ga layin laka busasshe a jiki, ya leƙa ramin safaya ya lakato tsatsa da yatsa ya nuna mani, ya ce, "Ranka ya daɗe wannan ta sha ruwa a ƙasarsu, ambaliya ta ci ta aka yi gwanjonta. Yau lafiya lau, bayan wata uku wayarin zai fara hauka, kuma ƙafarta ta iska ce, ranar da jakar iskar ta fashe motar durƙusawa za ta yi kamar raƙumi, kayan kuma sai an aiko daga Legas." Dillali ya fara rantse-rantse, na ce mu je a ga takardun kwastam, nan ma aka fara inda-inda. Tun farkon 2017 gwamnati ta hana shigo da mota ta kan iyakar ƙasa, to duk wadda aka ce maka 'yar Kwatano ce sai ka tabbatar an biya duti, in ba haka ba a hanyar Kano za a sauke ka da iyalinka a tsakiyar rana.

Da dare na ba uwargida labari ina jiran ta tausaya mani, sai ta ce, "Abbansu, kujera nawa gare ta?" Na ce biyar. Shiru kawai ta yi ta ci gaba da ninke kayan jarirai, shirun nan ya fi zagi ciwo. Ita malamar jinya ce, ta ga abin da haɗari ke yi ma yaron da aka riƙe a cinya, don haka tun kafin a haihu ta kafa doka cewa 'yan biyu kowa da kujerarshi ta jarirai a ɗaure, ba ruwanta da masu cewa iyayi ne.

Sannan ga mai. Wannan duk a 2023 ne, bayan an cire tallafi ranar 29 ga Mayu, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, kafin ƙarshen Yuli ta wuce 600. Silinda takwas a wannan yanayi ai sai mai rijiya.

Muka zauna da bakanike a bencin garejinshi muna shan shayi yana jero mani su. Lexus RX350 ya ce ta yi, amma ita ma biyar take ci. Prado ƙarfe ce, gangar jikinta a kan shasi take kamar ta a-kori-kura, sai dai kuɗinta ya fi ƙarfina kuma mai silinda huɗu, injin lita 2.7 ɗin, ba ta da wannan fizgar da nake so. Honda Pilot na cin takwas, injinta bel gare shi da ake canjawa in lokaci ya yi. Ya kawo Sienna, wadda a gaskiya ta fi kowace fili, na ce haba dai, in tsaya a Ƙofar Ƙwaya fasinja su fara tambaya ko Abuja za ni? Ya yi dariya har da ƙwalla. Ƙarshe muka tsaya kan Highlander ta tsakanin 2008 da 2013, V6 wato silinda shida, injin lita 3.5, ƙarfin doki 270, kaca gare ta ba bel ba, kuma injin ɗaya ne da na Camry mai V6 da Sienna, don haka kayan gyara ko a nan Katsina ba a rasawa.

Da muka samu wata ruwan toka, uwargida ta ce ba a biya sai an gwada da kowa. Haka muka kwashi gida gaba ɗaya, da kujerun jarirai biyu na aro, da babbar kular abinci, da jakar Hajiya. Hajiya ta dafa ƙofa ta hau gaba da kanta ba wanda ya tallafe ta, ta gyara zama ta ce, "Wagga ba ta da tsawo irin na banza." Yara suka rarrafa layi na uku suna ihun murna, ni da na gwada shiga can gwiwata har haɓa, wurin na yara ne kawai. Uwargida ta matsa tsakanin kujerun jarirai tana harara ta don kujerar tsakiyar siririya ce. Matsalar sai a but, in an ɗaga layi na uku abin da ke saura ko kular ba ta shiga a miƙe, sai da muka karkata ta, jakar Hajiya kuwa a ƙafarta ta zauna. Bakanike ya ce a sa karaga a sama, magana ta ƙare.

Na karɓi tuƙi muka hau hanyar Daura, titi ya buɗe ba kowa, na ɗan taka kaɗan in ji abin da zan biya ma kuɗi, allura ta fara hawa motar ko girgiza babu. Daga gefena Hajiya ba ta ko juyo ba, carbi na hannunta ta ce, "Kai, ɗage ƙafar nan, ba a kiranmu ko'ina."

Na ɗage. Washegari na je saida fili, kuma a nan ne na gano ashe filin nawa mutum biyu ke da takardarshi. Wannan sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.