Mai Ɗinkin Tamfol a Watan Marka

Shagona yana kusa da kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, kuma ɗinkin tamfol ne sana'ata. Muna da manyan kekuna uku masu cin kanbas mai kauri, da na'urar liƙi guda, da yara shida da muke aiki tare. Galibin shekara abokan cinikinmu direbobin manyan motoci ne masu son rufe kaya, sai masu hayar kanofi na biki da suna, sai 'yan kasuwa masu son rumfa a bakin shago. In kaka ta yi, masu hatsi na Dawanau su zo neman ta shanya da ta rufe buhuna. Da wannan muke ci, da shi na aurar da 'ya'ya biyu.

Amma daga ƙarshen Yuli zuwa farkon Satumba, in marka ta kankama, wasu mutane ne daban ke tsayawa a bakin shagon, kuma tun kafin su yi sallama nake gane su. Ƙafar wando a naɗe, taɓo har ƙwauri, ido jawur don rashin barci. Mutum bai damu da kala ba, bai tambayi ƙwari ba. Abin da zai ce kawai shi ne, "Malam, wacce ce mai sauƙin kuɗi? Ɗakina ne ya faɗi."

Na san wannan tsayuwar domin mahaifina ya yi ta. Ina ɗan shekara 12 a watan Agustan 1988, lokacin da aka tafka ruwan da ya fasa madatsar Bagauda, gidaje dubbai suka rushe a Kano da kewayenta. Mu a cikin gari muke, gidan ƙasa mai rufin azara. Da asuba bangon ɗakin mahaifiyarmu ya zube, Allah ya kiyaye ta riga ta kwashe mu zuwa tsakar gida tun da ta ji ƙasa na zubo mata a kan gado. Kwana tara muka yi a gidan maƙwabcinmu, maza a zaure, mata a ciki. Na manta me muka ci a kwanakin. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda take ɗaura igiya a lungu, ta rataya zani, ta shige bayansa don ta sauya kaya, mace mai 'ya'ya bakwai da ba ta taɓa kwana a gidan wani ba tun da aka kawo ta.

Gidan ƙasa ta wuri biyu ruwa ke cin sa, ta ka da ta gindi. Ta ka, in indararo ya toshe ko yaɓe ya tsage, ruwa ya kwanta a kan soro, ya bi cikin bango a hankali, tubali ya sha ya yi nauyi. Ta gindi kuwa, in ruwa ya kwana a lungu bai samu hanya ba, sai ya jiƙa tushe har ya zama kamar kunu. Mutanen da suna sabunta yaɓe kowace shekara kafin damina, suna shafa makuba don ruwa ya zame. Kuma kududdufan da aka haƙa ƙasar ginin a cikinsu su ne ke shanye ruwan unguwa. Yau da yawansu an cike su an yi gini a kai, kwatocin da ke kai ruwa rafin Jakara kuma leda ta cika su. Ruwa kuwa ba ya manta hanyarsa. A daminar 2022 har cikin Kantin Kwari ya shiga, ya jiƙa atamfofi da shaddodi, mu ma a makon nan ba mu runtsa ba saboda masu neman abin rufe dilolin da suka tsira.

Tamfol ba iri ɗaya ba ce, kuma a nan ne mai sayarwa zai ji tsoron Allah ko ya ci amana. Akwai 'yar shara-shara mai ruwan bula, wadda in ka ɗaga ta sama kana hango rana ta cikinta. Wannan ta shanyar barkono ce. In aka kafa ta a waje, zafin rana ke soya ta, kafin wata biyu ka taɓa ta ta dinga marmashewa. Akwai ta roba mai nauyi, irin ta manyan motoci, ba ta yoyo, tana shekaru, sai dai tsada da nauyi, kuma in baƙa ce ko koriya mai duhu, zama a ƙarƙashinta da tsakar rana azaba ne. Akwai tsohuwar banar talla da muke saye bayan an sauke ta daga allunan bakin titi. Wannan ita ce ta talaka, tana da ƙwari fiye da yadda ake zato, matuƙar an juya farin gefen ya kalli sama. Sai kuma farar nan ta ƙungiyoyin agaji, mai faɗin mita 4 da tsawon mita 5 ko 6, wadda aka yi ta musamman don ta jure rana. Wanda ɗakinsa ya faɗi nakan gaya masa gaskiya: in kuɗinsa na 'yar bula ne, gara ya ɗauki bana ko da ƙarama ce, don damina ba ta ƙare ba, kuma ginin da yake cewa zai tayar cikin mako biyu sau da yawa sai bayan kaka.

Kafa ta ma ilimi ne. Mutane kan shimfiɗa ta a kwance a kan bangon da ya rage, su ɗora duwatsu. Ruwan farko zai taru a tsakiya, ta yi ciki, nauyin ya ja bangon da dama ya jiƙe, a sake yin asara. Dole a yi mata tudu a tsakiya da gora ko katako, ta gangaro sosai ta kowane gefe, a ja ta tamau yadda iska ba za ta dinga kaɗa ta ba, domin kaɗawar nan ce ke yaga ta. In za a buga ƙusa, a sa murfin kwalba ko guntun robar taya a kanta. In zoben gefe ya fita, a ƙunsa ɗan dutse a kusurwa, a ɗaure igiya a wuyansa, ya fi zoben riƙo. Sannan a haƙa 'yar hanyar ruwa kewaye da wurin, a tara ƙasar ta ciki don shimfiɗa ta ɗago. Ɗinkin allura kuma duk inda ya bi ya bar huda, shi ya sa haɗin da zai hau saman rufi liƙa shi muke yi da zafi, ɗinki sai a gefe, inda muke naɗe igiya a cikin kalmasa.

Duk wannan aikin hannu ne, na koye shi wajen maigidana, Allah ya jiƙansa. Abin da ban koya a wajensa ba, wata dattijuwa ce ta koya mini.

Shekarun baya ne, bayan wani ruwan dare da ya kwantar da gidaje a wata unguwa ta bayan Kurna. An kwashe mutane an zuba su a ajujuwan firamare. Bayan kwana biyu, da la'asar, dattijuwar ta zo da jikanta, ta kwance bakin mayafi, ta fito da kuɗi a jiƙe, an nannaɗe su. Na ce, "Sannu Inna, ya muka ji da wannan abu? Allah ya mayar da alheri. Ta rufin ɗaki ake so?"

Ta ce, "A'a ɗan nan, rufi muna da na makaranta. Ƙyalle nake so mai tsawo, wanda zai fi tsayin mutum." Sai ta rage murya, ta kalli yaran shagon, na matsa kusa. "Mu mata goma sha ne a aji ɗaya, har da mai jego. Kwana biyu ba wadda ta yi wanka. Kewayawa ma sai dare ya raba. 'Yammatan nan ruwa ma sun daina sha."

Na kasa ce mata komai. Na tashi na jawo ragowar yanke-yanken da muke tarawa a bayan shago, muka haɗa su a keke, tsayi ƙafa bakwai, tsawo kamar yadi goma sha biyu, muka buga zobba sama da ƙasa. Na tura yara biyu da gora shida suka je suka kafa musu kewaye biyu a bayan ajujuwan. Da ta miƙo kuɗin na ce ta saya wa mai jegon gawayi. Ta daɗe tana sa albarka, ni kuwa mahaifiyata nake gani a bayan zaninta.

Tun daga ranar na sauya yadda nake yin rumfar zama. Duk wadda za mu ɗinka wa iyali, sai mun sa mata labule a tsakiya, mai raba gefen iyaye da na yara. Sai mun bar tazara tsakanin bango da rufi don iska ta ratsa, mu kuma ɗinka madaukai a ciki na rataya gidan sauro, domin inda ruwa ya kwanta, zazzaɓi na tafe. Ma'aikatan agaji na duniya suna da ƙa'idar cewa kowane mutum ya samu aƙalla murabba'in mita 3.5 na wuri mai rufi. Ka lissafa wa magidanci mai mata biyu da 'ya'ya tara, za ka ga tamfol ɗaya ba ta kai ko'ina ba. Masu raba kayan agaji, na gwamnati da masu hali, sun fi kai shinkafa da taliya da bargo, kuma Allah ya saka musu, yunwa ba ƙanwar lasa ba ce. Sai dai ina roƙonsu su riƙa tambayar matan abin da suke buƙata, a keɓe, ta bakin mace 'yar'uwarsu, domin a gaban maza ba za su faɗa ba.

Aiki mafi girma da muka taɓa yi shi ne na Maiduguri. Ranar 10 ga Satumban 2024 aka wayi gari madatsar Alau ta ɓalle, kogin Ngadda ya malale cikin birnin, shekara 30 bayan irin wannan ta 1994. Ruwa ya shiga Gwange da Kasuwar Monday har fadar Shehu, mutane dubu ɗaruruwa suka bar gidajensu, aka sake buɗe sansanin Bakassi da a da ya ɗauki 'yan gudun hijira. Wasu abokan cinikina da ke kai kaya Borno suka haɗa kuɗi, suka ce in ɗinka abin da ya samu. Kwana shida muna aiki da janareto har ƙarfe biyun dare. Na ce musu kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin a bar ni in yi kewaye da shi. Ɗaya daga cikinsu ya ce, "Haba Alhaji, mutane na kwana a titi kana maganar makewayi?" Na ba shi labarin dattijuwar nan, ya yi shiru, ya ce in yi. Direban da ya kai kayan, da ya dawo, ya ce mini kewayen aka fara sauke wa, matan suka tsaya a kansu har aka kafa.

Ba zan ɓoye ba, kasuwar ta yi nauyi. Yawancin tamfol daga Chana ake shigo da ita ta Legas, kuma tun da darajar naira ta faɗi a 2023 kuɗin bandir ya ninka, man janareto ma haka. Wasu a layinmu kan ƙara farashi da zarar hadari ya haɗu kwana biyu a jere. Ni ban iya ba. Ina da littafin bashi na damina daban, mai unguwa ko limami ya tsaya wa mutum, ya biya bayan kaka. Wasu sun biya, wasu har yau, ban kuma taɓa aika yaro gidan kowa ba.

Yanzu tun watan Mayu nake sayen tsohuwar bana in jibge, in sayi gora kafin ta yi tsada. Ragowar yanki kuwa na hana a sayar wa masu facin buhu. Duk ranar Alhamis da yamma, in aiki ya lafa, ƙaramin yaron shagon ne ke zama a keke yana haɗa su, da haka ma yake koyon miƙe ɗinki. Jiya na ƙirga, kewaye goma sha ɗaya ne a naɗe a saman kanta, kowanne da igiyarsa a ciki, ga shi kuma tun azahar gabas ta yi baƙi.