Gawo, ledar fiya wata da gorar roba: abin da na gani da na tone saiwa

Assalamu alaikum 'yan uwa masu rainon itatuwa. Jiya da la'asar na kwance gora ta farko daga cikin gawon da na shuka a watan Maris, kuma wallahi sai da na zauna a kan bokiti ina kallon saiwar nan na tsawon lokaci. Ta sauka sambal, ba lanƙwasa ko ɗaya, ga ƙananan jijiyoyi fari sol sun fito ta kowane gefe sun riƙe ƙasar tamau. Shekara biyu ke nan ina neman ganin haka.

Gonata tana wajen Maigatari, rabi rairayi rabi faƙo. Na san wasu za su ce me ya kai ni wahalar dashe, ga sassaben zamani da manoman Maraɗi suke yi tun shekarun 1980, a bar kututture ya tofo a riƙa gyara shi. Gaskiya ne, kuma ya fi arha. Amma ni kututturen ma babu, masu neman itacen girki sun tone shi tun kafin gonar ta zo hannuna. Dole sai an shuka.

Bara na cika ledar fiya wata 150, domin kyauta ce, yara ne suka tsinto mini. Irin gawon daga kashin awaki na tsince shi, ya tsiro da kyau. A Yuli na dasa a cikin ramukan rabin wata, wato ramuka masu siffar rabin wata da ake tonawa don tare ruwan sama. Zuwa farkon bana 38 ne kawai ke da rai, su ma sun tsugune wuri ɗaya kamar an ɗaure su. Na zargi awaki, na zargi gara, na zargi ɗaukewar ruwa da wuri. Sai ranar da haushi ya sa na ɗauki fartanya na tone guda ɗaya da ya bushe.

Uwar saiwar ta naɗe kamar gammo. Zagaye uku cif, daidai faɗin gindin ledar, ta yi kauri ta zama itace a haka. Wata da watanni tana cikin ƙasa amma ko taƙi ɗaya ba ta nutsa ba. Na tone na biyu, na uku, har bakwai, duk labarin ɗaya ne. Ranar ban iya cin tuwon dare ba, saboda na gane tun a gida na kashe su, kafin su ga gona.

Gawo kafin ya damu da ganye, ƙasa yake nufa. Tsiron da bai wuce tsawon ɗan yatsa ba, saiwarsa ta riga ta taɓo gindin leda, ita kuma ledar fiya wata da ƙyar take kai santimita 15. Saiwa ta buga da roba, ba hanya, sai ta juya. In ta yi ƙwari a naɗe, ba ta ƙara miƙewa. Alhali duk darajar gawo a wannan saiwar take: ita ke kai shi ga ruwan can ƙasa, har ya fitar da ganye da rani, ya kakkaɓe da damina ya bar wa gero rana da taki. Wanda saiwarsa ta naɗe kuwa laimar sama kaɗai yake sha, iskar hunturu na busar da ita shi ma ya bi ta.

Ba ina cewa a yar da ledar fiya wata ba ne. Darbejiya da zogalen da na raina a cikinta na dasa suna 'yan mako shida, lafiya lau suke. Amma gawo da bagaruwa da dakwara, ni kam na daina.

Bana sai na raba biyu. Sittin a doguwar baƙar leda, a ƙasa, da niyyar in riƙa ɗaga su duk mako biyu ina datse saiwar da ta leƙo. Tafiya ta kama ni Kano kusan mako uku. Ina dawowa na ɗaga ta farko, sai na ji ɗas! Saiwa ta fasa leda ta shige ƙasa. Ashirin da biyu na fizge kafin hankali ya zo mini na koma zura wuƙa ta ƙarƙashi ina yankawa. Waɗanda na fizge ɗin, kafin azahar sun yi yaushi, rabinsu ba su tashi ba. Baƙar leda tana aiki, amma ba ta yafe wa mai tafiya.

Sauran 90 su ne na gora. Gorar ruwa mai lita ɗaya da rabi na saya wurin 'yan jari bola, na yanke wuya, na yanke gindi, na tsaga ta daga sama har ƙasa, na ɗaure da tsohon tif na keke wuri biyu. Zurfinta ya kai santimita 25. Na jera su a kan ragar waya irin ta kejin kaji, na ɗora ragar a kan bulo biyu-biyu don iska ta riƙa ratsawa ta ƙasa. Dabarar ita ce da zarar bakin saiwa ya leƙo ya haɗu da busasshiyar iska sai ya bushe da kansa, ita kuma ta fitar da rassa a ciki maimakon ta naɗe. Ba ɗagawa, ba wuƙa. Ragar nan da katakon da na kafa ta sun cinye kuɗin ɗan akuyan da na sayar, har yanzu in na tuna sai na ji a raina.

Kuma ba a nan wahalar ta tsaya ba. Haɗina na farko, yashi biyu, ƙasar gona ɗaya, ruɓaɓɓen taki ɗaya, duk ban ruwa sai in ga yana tsiyayewa ta ƙasa. Na rage yashi, na dako ƙasar suri na zuba, na toshe gindin kowace gora da ɗan busasshen ciyawa, sannan ya tsaya. Ita gorar kuma garau take, rana na ratsa ta, gansakuka ya fara kore ta ciki, waɗanda ke bakin layi robar har zafi take a hannu. Na kewaye jerin da tsofaffin buhuna. Babbar matsalar dai ƙishi ce. Mazubin da ba shi da gindi, yana rataye a iska cikin zafin Afrilu, ban ruwan safe ba ya kai shi yamma. Rana ɗaya mai garuwa bai zo da yamma ba, washegari na tarar 17 sun ƙone ƙurmus. Daga nan na kafa zana ta gabas, na ɗora rumfar kara sama-sama, na koma safe da yamma ba fashi. Kuɗin ruwa ya ninka.

Yanzu 73 ke tsaye. Mako biyu da suka wuce na cire rumfar, na fara rage musu ruwa don su saba da rana. Abin da ya fi faranta mini jiya shi ne kwance tif ɗin: gora ta buɗe kamar kwasfar gyaɗa, ƙasar ta fito dunƙule guda ba ta wargaje ba, gorar kuma tana nan za ta ƙara wata shekara.

Ina jiran ruwa biyu masu ƙarfi su jiƙa faƙon, in Allah Ya yarda sai dashe. Zan ware goma na gora da goma na baƙar leda a layi ɗaya, in tone biyu-biyu a watan Janairu mu ga wace ta fi nutsawa. Don Allah wanda ya taɓa rainon aduwa a gora ya faɗa mini zurfin da ya ba ta, domin ƙwallon da na jiƙa ya fara fasawa kuma ban yanka mata gora ba tukuna.