Wasiƙa daga Bergen, birnin da duwatsu bakwai suka kewaye

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki. Ina fatan kuna lafiya, iyali da yara kowa ƙalau.

Daga Bergen nake rubuto muku, birni na biyu a girma a ƙasar Norwe, a bakin tekunta na yamma. Mutanensa ba su cika dubu 300 ba. Ruwan sama a nan ba shi da damina ba shi da rani, abin da ke sauka a shekara ya wuce milimita 2,000, amma ba ya hana kowa harkarsa. Za ka ga 'yan makaranta cikin rigar ruwa da takalmin roba suna tafiya abinsu. A watan Yuni kuwa rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 11 na dare, ta kuma fito da misalin 4 na asuba, sai mai salla ya sa ido sosai kan agogo.

Duk baƙo yakan fara da Bryggen, tsohuwar tashar jiragen ruwa. Gidajen katako ne jere, ja da rawaya da fari, wasu sun karkace sun jingina da juna. Idan ka shiga lungunan da ke tsakaninsu, daɓen katako na ƙara ƙarƙashin ƙafarka, warin kwalta na dukan hanci. Tun ƙarni na 14 fataken Jamus suka kafa ofishinsu a nan, suna kawo hatsi, suna kwasar busasshen kifi daga tsibiran Lofoten da ke arewa. Ba a yarda su yi aure ba, ba a yarda su hura wuta cikin gidajen ba duk da sanyin ƙasar, amma gobarar 1702 ba ta bar wurin ba, abin da ake gani yau an sake gina shi ne bayanta. Kifin nan kun san shi. Shi ne okporoko da ake sayarwa a kasuwanninmu, mai tauri kamar icce, wanda iska mai sanyi kaɗai ke busarwa, ba gishiri ba hayaƙi.

Na hau dutsen Fløyen a ƙaramin jirgin da igiya ke ja tun 1918, na ga birnin da tsibiransa daga sama. Sai dai abin da ya sa na yi ta tasbihi shi ne tafiyar Flåm, wani ƙauye a bakin ruwa tsakanin duwatsu. Daga tashar Myrdal da ke kan dutse jirgin ƙasa ke gangarowa mita 860 da 'yan kai cikin kilomita 20 kacal, ya tsaya gaban wani ruwa mai zubowa daga dutse, feshinsa na jiƙa fuska. Daga Flåm sai jirgin ruwa cikin Nærøyfjord, reshen teku da ya kutsa tsakanin duwatsu, inda ya fi ƙunci bai wuce mita 250 ba. Ƙanƙarar zamanin da ce ta sassaƙe wannan rami. Ka ɗaga kai ka ga gida guda a maƙale a gefen dutse, ka rasa ta ina mai shi ke hawa.

Amma ba don wannan na ɗauki alƙalami ba. A tsakiyar gari akwai tsohon asibitin kutare na St. Jørgen, yanzu gidan tarihi ne. Ƙananan ɗakuna ne a jere, sama da ƙasa, kewaye da babban zaure, kowanne da gadon katako. Marasa lafiyarsa na ƙarshe sun rasu a 1946. Wannan ƙasa da muke gani da arziki, kuturta ta taɓa addabar talakawanta masunta, kuma manyan likitocinta na cewa gado ce. A wannan birni ne likita Armauer Hansen ya gano a 1873 cewa ƙwayar cuta ce ke kawo ta, alhali surukinsa Danielssen na cikin masu cewa gadonta ake yi.

Na daɗe tsaye a zauren nan ina tuna mutanenmu da ke zaune bakin masallatai da tashoshin mota, waɗanda ake gudun cin abinci da su, ake ƙin auren 'ya'yansu. Kuturta tana da magani. Wata shida zuwa shekara ake sha, kuma tun 1995 Hukumar Lafiya ta Duniya ke bayar da shi kyauta. Wanda ya fara sha ba ya yaɗa ta. Yatsun da suka guntule jinkiri ne ya cinye su. Don Allah, duk wanda ya ga tabo mai haske a fatarsa ko ta ɗansa, wanda idan an taɓa ba a ji, kada a ɓoye, kada a tsaya jiƙe-jiƙe, a tafi asibiti da wuri.

A gaida kowa da kowa, manya da yara. A sa mu a addu'a.

Wassalam,
Ɗan uwanku a Bergen