Yadda na shawo kan Baba ya bar ni na hau dutsen Afadjato

Wata uku cur na yi ina juya maganar nan a ciki kafin na iya buɗe baki gaban Baba, kuma wallahi waɗanda suka kunno min ita wasu 'yan matan Pakistan ne da ban taɓa gani ido da ido ba. Wani dare ne an ɗauke wuta a Nima, unguwarmu a Ankara babban birnin Gana, zafi ya hana barci, ina kwance kan tabarma a tsakar gida ina ta latsa waya sai na faɗa kan bidiyon wasu 'yan mata su takwas ko tara, kowacce da mayafinta da jaka a baya da sanda a hannu, suna hawan wani tudu, can bayansu wani ƙaton dutse fari fat da ƙanƙara. Daga Lahore suka taso. Ba uwa ba uba a tafiyar, sai wani dattijo ɗan garin da ke nuna musu hanya. Ɗayarsu ta juyo tana haki tana dariya tana ba da labarin yadda ta daɗe tana roƙon babanta kafin ya ce ta je. Na maimaita bidiyon nan ya fi sau biyar har cajina ya ƙare.

Washegari na shiga bincike. Ashe dutsen Nanga Parbat ne, mita 8,126, wurin da suka je kuma ana ce masa Fairy Meadows, sai an shiga jif an bi wata siririyar hanya a gefen dutse sannan a ƙarasa da ƙafa na awoyi. A Islamabad ma akwai tsaunukan Margalla a bayan masallacin Faisal, hanyoyin hawansu har lamba gare su, ta 3 da ta 5 su aka fi sani, mata na zuwa da sassafe su hau su sauko su wuce aiki. Amma wadda ta tsaya min a rai ita ce Samina Baig. 'Yar ƙauyen Shimshal ce a yankin Hunza, ƙauyen da sai a 2003 hanyar mota ta isa, kuma matan garin tun kaka da kakanni su ke kora dabbobi zuwa makiyayar da ke can saman tsauni lokacin zafi. Ranar 19 ga Mayu 2013 ta zama macen Pakistan ta farko da ta taka ƙololuwar Everest, sannan a Yulin 2022 ta hau K2 mai mita 8,611, a ranar kuma Naila Kiani, uwar 'ya'ya biyu, ita ma ta kai. Abin da ya sa ni hawaye shi ne yayanta Mirza Ali. Shi ya koya mata hawa, shi ya raka ta Everest, da ya rage saura kaɗan a kai sai ya tsaya ya bar ta ta ƙarasa dan duniya ta ga mace za ta iya.

Akwai wata magana da 'yan matan nan ke yawan faɗa da Urdu, log kya kahenge, ma'ana me mutane za su ce. Da na ga fassarar sai na ajiye wayar, dan kalma ɗaya ba ta bambanta da abin da na taso ina ji a gidanmu ba.

Ni dai burina bai kai Everest ba. Afadjato nake so, namu na nan Volta, wanda tun muna firamare ake sa mu haddace cewa mita 885 ne kuma shi ne mafi tsawo a Gana. Shekarata 27, ina koyarwa, ni da bakina nake faɗa wa yara wannan lambar duk shekara amma ban taɓa ganin dutsen ba sai a hoton littafi.

Na same shi bayan Magariba yana shan ataya a ƙofar ɗaki, na durƙusa na ce Baba dan Allah ina da magana, mu shida ne mata zalla muke so mu je Hohoe mu hau dutse, kwana ɗaya mu dawo. Bai ɗago ba ya ce biki ake yi a can? Na ce a'a. Rasuwa? A'a. To me za ku ɗauko a kan dutsen? Na ce ba komai Baba, gani kawai za mu yi. Ya ce tashi ki ba ni wuri.

Ban yi fushi da shi ba kuma ban so kowa ya karanta wannan ya ɗauka Babana mugu ne. Mutumin nan shekaru ya yi yana tuƙa babbar mota daga tashar jirgin ruwa ta Tema zuwa Wagadugu da Yamai, ya ga abin da hanya ke yi wa mutane, ya sha tsayawa ya taya ciro gawa daga cikin mota. In ya ce yana tsoron hanya gaskiya yake faɗa. Kuma duk wanda ke zaune a Ankara ya san labaran 'yan matan da suka fita ba su dawo ba, ba ƙirƙira iyaye ke yi ba. Amma bayan kwana biyu Mma ta kira ni kicin tana tace koko ta ce min a hankali, ba hanyar ce kaɗai ke damunsa ba, cewa ya yi in aka ji a masallaci 'yarsa budurwa ta tafi yawon dutse da wane ido zai kalli mutane, kuma wa zai zo neman aurenki bayan haka.

Nan ne raina ya sosu, dan na san tarihin gidanmu. Mma ta fi shekara ashirin tana bin hanyar Aflao ita kaɗai zuwa Lome saro atamfa, ta fita kafin asuba ta dawo cikin dare, wani lokacin ma ta kwana a can in boda ta yi tsauri, da kuɗin nan aka biya min makaranta har na gama kwaleji, ba wanda ya taɓa cewa ina muharraminta. Ku je Agbogbloshie ko Makola ko Kantamanto ku ga kayayei, yara mata ƙanana daga arewa da suka hau mota su kaɗai suka zo garin da ba su san kowa ba, suna ɗaukar kayan da ya fi su nauyi a ka suna kwana a bakin shaguna. A layinmu kawai na san gidaje uku da suka tura 'ya'yansu mata aikatau ƙasashen Larabawa, har walima aka yi musu da za su tafi. Duk wannan tafiya ce, kuma ta fi tawa haɗari nesa ba kusa ba. In mace za ta wahala ta kawo kuɗi ana sa mata albarka, in ta ce za ta je ta sha iska ta kalli halittar Ubangiji sai a tuna da mutunci. Wannan abin yana min ciwo har yanzu da nake rubutawa.

Sai dai ban so na yi amfani da wannan na ture maganar addini, dan ni ma ina tsoron Allah. Na je wajen malaminmu na makarantar dare na tambaye shi ƙiri-ƙiri. Ya ce hadisin da ya hana mace tafiyar yini da kwana ba muharrami ingantacce ne, kar na bari wani ya ce min ba haka ba. Ya kuma kawo min na Adiyyu ɗan Hatim inda Annabi (SAW) ya yi bushara da lokacin da mace za ta taso daga Hira ta zo ta yi ɗawafi ba ta tsoron kowa sai Allah, ya ce malaman Malikiyya da Shafi'iyya sun yi maganar amintacciyar tawaga a kan hajjin farilla, Saudiyya ma tun 2021 ta fara barin mata su yi rajistar hajji a cikin ayarin mata. Amma ya ce ke tafiyarki ba hajji ba ce, kuma kina da ƙane baligi a gida, me zai hana ki ɗauke shi ki huta da saɓani. Shi ne ma ya tuna min da 'Yan Taru na Nana Asma'u 'yar Shehu, yadda mata ke taruwa daga ƙauyuka su yi tafiya a ƙafa ƙarƙashin shugabarsu da ake kira jaji, mai sa malfa, su je ɗaukar karatu. Ya ce fita cikin tsari da shugaba daban, fita sakaka daban.

Da wannan na koma na sake shiri. Da farko na roƙi abu ƙarami, tattakin Aburi da ake yi ranar Asabar da safe daga Ayi Mensah zuwa Peduase, wanda rabin Ankara ke zuwa, har da hajiyoyi masu hawan jini da likita ya ce su motsa jiki. Ya bari. Sau huɗu muka je, kullum kafin azahar ina gida. Sannan na rubuta komai a takarda kamar lesin da zan koyar, sunayen mu shida da lambobin iyayen kowa, motar da za mu shiga a Madina, ƙarfe nawa, inda za mu kwana wato gidan Gwaggo a Zangon Hohoe, kuɗin mota da na ɗan rakiya na garin, da cewa ƙanena mai shekara 19 zai bi mu. Na miƙa masa. Ya sa tabarau ya karanta tun daga sama har ƙasa, ya ɗauki waya ya kira Gwaggo suka daɗe suna magana, ya tambaye ni wane direba, ya ce kar mu yarda mu shiga motar da tayoyinta suka suɗe kuma kar mu taso daga can bayan la'asar. Bai ce na yarda ba, cewa ya yi Allah ya kiyaye hanya, ni kuma na san Babana.

Akwai abin da ya faru da ban ji daɗinsa ba amma dole na faɗa. Ɗaya daga cikinmu an hana ta, sai ta ce za ta gaya wa mamanta biki za ta je Ashaiman ta kwana. Na ce mata wallahi ba da ni ba, in kin hau motar nan da ƙarya ni zan sauka. Ta yi fushi sosai, ta ce ni na samu nawa shi ya sa. Amma ku duba, in ƙafarta ta gurɗe a kan dutse ko mota ta lalace a daji wa za mu kira, mu ce me? Kuma ranar da asiri ya tonu ba ita kaɗai za a rufe wa ƙofa ba, duk wata yarinya a Zango da za ta zo ta roƙa nan gaba za a ce mata kin ga abin da su wance suka yi. Mun tafi mu biyar.

Mun tsallaka gadar Adomi rana na ɗagowa, kogin Volta shimfiɗe a ƙasa, ƙanena ya manne da taga. Mun kwana gidan Gwaggo, ta cika mu da tuwo da miyar ayoyo, da asuba muka nufi Liati Wote inda ake fara hawa, muka biya aka haɗa mu da ɗan rakiya. Jama'a dutsen nan a tsaye yake. Minti goma na farko muna hira, bayan nan ba mai magana sai haki, kana kama saiwar bishiya kana jan jikinka, zufa ta jiƙa hijabina sharkaf, piya wata da muka ɗauko ya kusa ƙarewa tun ba mu yi rabi ba, sau biyu na zauna na ce a raina anya. Dogon wando da doguwar riga zuwa gwiwa da ƙaramin hijabi muka sa da kambas, wadda ta zo da abaya sai da ta ɗaure ta a ƙugu, dan haka mai niyya ta kiyaye. Da muka kusa kaiwa ƙanena da ke gaba sai ya ja gefe ya ce Yaya wuce, ke kika kawo mu. Na taɓa ba shi labarin Mirza Ali a mota, ban san ya riƙe ba.

A saman ban iya cewa komai ba. Daji kore shar ta ko'ina, ƙauyuka ƙanana kamar an zuba tsakuwa, ɗan rakiya ya nuna mana tsaunukan da ke ɓangaren Togo, iska mai sanyi tana kaɗawa irin wadda ban taɓa shaƙa a Nima ba. Ni da na girma a lungun da in ka miƙa hannu za ka taɓa bangon maƙwabci, ban san idona na iya gani da nisa haka ba. Ayar da ke cewa ku yi tafiya a bayan ƙasa ku duba yadda Ya fari halitta ita ta zo min, na yi ta tasbihi ina kuka. Da sabis ya kawo na kira Baba ta bidiyo na juya masa kyamara a hankali ya ga ko'ina, ya yi shiru, can ya ce Masha Allah, sau nawa na wuce ta yankin nan da mota ban taɓa sanin haka yake daga sama ba. Sai kuma ya ce to ku sauko haka nan kar rana ta yi muku.

Maganar mutane kuwa an yi ta, ba zan ɓoye ba. Wata maƙwabciya ta tare Mma a wajen suna ta ce an ga hoton 'yarki a kan dutse kamar ba 'yar Musulmi ba, Mma ta ce mata da izinin ubanta ta je, ƙanenta na gefenta, a gidan gwaggonta ta kwana, akwai sauran tambaya? Matar ta ja bakinta.

Ƙawar tawa da aka hana har yau ba ta sake min fuska sosai ba, kuma ina jin zafin hakan dan ita ta fi mu duka son zuwa. Muna shirin Wli bayan sallah, wajen ruwan da ke zubowa daga dutse, shi ma kusa da Hohoe. Na roƙi Mma ta je ta samu mamanta su yi magana ta manya, ta ce ranar Laraba in an tashi kasuwa za ta biya, kuma na ba ta takardar nan da na rubuta wa Baba ta tafi da ita.