Yatsan Inna

Mako uku ke nan da abin ya faru, amma har yau in na kwanta sai allon nan ya dawo mini a ido. Fari ne fes, ya kusa cinye bangon zauren, rubutu baƙi yana gudu a ƙasansa ina magana. Ban gaya wa kowa a gida ba sai Inna, ita ma ɗin ba duka ba.

Taro ne aka yi a birnin Hague na ƙasar Holan, na masu bincike da ma'aikatan gwamnati, kan yadda hukumomi ke amfani da ƙirƙirarriyar basira wajen yanke hukunci a kan jama'a. Minti 12 aka ba ni, ni kuwa wata biyu na yi ina shirya su. Na sa kaftanin da telana na Birnin Kebbi ya ɗinka mini kafin in taho, na ɗora rigar sanyi a kai, na kafa hula. Masu taron sun kunna wata manhaja mai mayar da maganar mai jawabi rubutu nan take, saboda kurame da waɗanda Turanci bai zauna musu ba. Niyyar mai kyau ce, ban musa ba. Mutum huɗu suka rigaye ni hawa, wata Bajamushiya, 'yan Holan biyu da wani Ba'amurke, rubutun yana bin su tiryan-tiryan, ko wasali bai kuskure ba.

Da na hau, ina cikin shafi na biyu sai na ji ƙus-ƙus daga baya. Wata mata a layin gaba ta sa hannu ta rufe baki. Na waiga. Duk inda na ce "policy", wato manufofin gwamnati, na'urar ta rubuta "folly", wato wauta. Inda na ce Kebbi, ta rubuta sunan wani gasasshen nama. Argungu kuwa ko gwadawa ba ta yi ba, ta bar gurbin fayau. Mu Hausawa mun san yadda fa da pa ke rikice mana a baki, tun a firamare ake mana dariyarsa, amma ban taɓa ganin an rubuta mini shi da manyan baƙaƙe a gaban mutum sama da ɗari ba. Gumi ya karyo mini a cikin sanyin Disamba. Na ƙarasa jawabin, amma ban san me na faɗa a minti biyar na ƙarshe ba.

Lokacin shan shayi wani dattijon farfesa ya zo ya dafa kafaɗata. Ya ce aikina yana da ma'ana sosai, sai dai in riƙa magana a hankali, kuma akwai ajin gyaran lafazi da ake yi wa baƙin ɗalibai. Da zuciya ɗaya ya faɗa, na gani a fuskarsa. Ni kuma na ce na gode. Wannan godiyar ita ce ta fi ci mini rai, ta fi dariyar zafi. Domin na san abin da ya kamata in ce masa, yana ma cikin babi na biyu na kundin da nake rubutawa. A 2020 masu bincike a Jami'ar Stanford sun gwada manhajojin sauraren magana na manyan kamfanoni biyar, suka tarar suna kuskuren kusan kalma 35 cikin 100 idan baƙar fatar Amurka ne ke magana, idan farare ne kuwa 19 kacal. To wannan fa wanda aka haifa da Turanci a baki ke nan, ina ga ɗan Argungu? Na'ura tana koyo ne daga muryoyin da aka tara mata, kuma ba a tara mata irin tamu ba. Na san wannan sarai, amma da abin ya faɗo kaina sai na sunkuyar da kai kamar ni na yi laifi.

A jirgin ƙasa na komawa ban zauna ba ko da yake akwai kujeru. Ƙarfe huɗu da rabi duhu ya riga ya rufe gari. Na ɗauki kekena a tasha, yayyafi yana dukan fuskata, na hau ɗakina a bene na uku. Babu wanda ya ce sannu da zuwa. Shekarata biyu da wani abu a ginin nan, maƙwabcina na ƙofa da ƙofa ban san sunansa ba sai wanda na gani a akwatin wasiƙa.

Baba ya sha tambayata wane irin aiki nake yi a nan, injiniya ne ni ko lauya. Nakan ce masa tsakani. Gaskiyar ita ce karatun digiri na uku a ƙasar nan aiki ne, ana ɗaukar mutum kwangilar shekara huɗu da albashi. Ofishinmu mu shida ne: biyu sun karanta shari'a, ɗaya falsafa, biyu kwamfuta, sai ni da na fito daga kimiyyar siyasa a Sakkwato. Ba ma ƙera komai. Mukan zauna da ma'aikacin ƙaramar hukuma mu tambaye shi, wannan manhajar da ke zaɓo muku wanda za a bincika, wa ya sayo ta, da bayanan wa aka horar da ita, in ta yi kuskure wa zai sa hannu ya ce shi ne, kuma talakan da ta zaɓo ina zai kai kukansa? Sai mu rubuta, wani a mujallar ilimi da mutum kaɗan ke karantawa, wani a takarda mai shafi biyu ga ɗan majalisar da ba shi da lokaci. Bayan shekara huɗun kowa ya kama gabansa, wani hukumar kare bayanai, wani kamfani, wani kuma ya ci gaba da bin kwangilar shekara biyu-biyu yana neman tallafin bincike. Ni har da takardar zama nake lissafi, abin da sauran ba su san da shi ba.

'Yan ƙasar nan ba da wasa suka ɗauki maganar ba, domin wuta ta taɓa ƙona su. Hukumar harajinsu ta zargi iyaye kusan 26,000 da zamba a kuɗin tallafin renon yara, aka tilasta musu mayar da dubban yuro da ba su ci ba, gidaje suka mutu, bashi ya binne mutane. Cikin abubuwan da tsarin kwamfutar yake dubawa don ya ɗora wa mutum alamar tuhuma har da ko shi ɗan asalin wata ƙasa ne. Da asiri ya tonu, gwamnatin Mark Rutte gaba ɗayanta ta ajiye aiki a Janairun 2021. Yanzu akwai rajistar da hukumomi ke bayyana irin manhajojin da suke amfani da su, kowa ya shiga intanet ya duba. Tarayyar Turai ma ta yi dokarta da ta fara aiki ranar 1 ga Agustan 2024, wadda ta rarraba waɗannan na'urori gwargwadon hatsarinsu, ta haramta wasu ɗungurungum, tarar kuma tana iya kaiwa yuro miliyan 35. Ranar da na fara karanta labarin murabus ɗin nan na daɗe zaune shiru. Gwamnati guda, saboda an zalunci talakawa da lissafin kwamfuta.

A daren taron na kira wayar ƙanena, ya kai wa Inna. Ni ne ɗan fari, ba ta taɓa kama sunana ba. Gaisuwa kawai muka yi ta ce, "Kai wannan, mi anka yi ma? Muryakka ba daidai take ba." Na ce ba komai, gajiya ce. Ta yi shiru irin nata, wanda ya fi tambaya nauyi. Sai na ce mata na yi magana a gaban mutane, wata na'ura ta kasa jin abin da nake cewa. Ta ce, "Kamar wadda ta ƙiya da yatsana?"

Wallahi ban tuna da wannan ba sai da ta faɗa.

A watan Afrilun 2022 aka hana layuka sama da miliyan 70 kira a Najeriya saboda ba a haɗa su da lambar katin ɗan ƙasa ba. Na Inna yana ciki. Da wannan layin take kiran masu sayen shinkafarta daga Jega da Birnin Kebbi, domin sana'arta gumi ce, wato turara shinkafa, tun kafin a haife ni. Na ɗauke ta a mashin muka je wurin rajista bayan asuba, muka tarar da layi ya riga mu. Rana ta take, ga azumi a baki, sai wajen azahar aka zo kanmu. Yaron da ke kan kwamfutar ya ce ta ɗora yatsu a gilashin. Ta ɗora, fitila ta nuna ja. Ya ce ta goge hannu, ta goge da bakin mayafi. Ja. Ya kama babban yatsanta ya danna da ƙarfi har na ga farcen ya yi fari. Ja. Shekara arba'in na juya shinkafa mai zafi a tukunya, da shanya, da sussuka, da wanki da toka, sun shafe zanen yatsun nan sun bar su sumul kamar bayan ludayi. Mutanen baya suka fara tsaki. Ni kuma, ɗanta mai digiri biyu, maimakon in ce wa yaron ina hanyar da aka tanada wa irinta, sai na juya na ce mata, "Inna ai na faɗa miki ki riƙa shafa mai." Da ƙarfi na faɗa, mutane suna ji. Ba ta ce uffan ba. Ta mayar da hannunta cikin mayafi, ta ce wa yaron ya yi haƙuri ta ɓata masa lokaci.

Sai da muka koma sau uku kafin a ɗauka. Kuma tun daga ranar ban taɓa ba ta haƙuri ba, na mance ma da zancen, har sai da wani dattijo ya dafa kafaɗata a Hague ya ce in gyara lafazina. Na ce, Inna ki yafe mini abin da na ce miki ranar nan. Ta ce, "Wace magana? Allah shi yi ma albarka. Ka dai ci abinci?" Na san ta tuna, tunda ita ta ɗauko zancen.

Akwai ranakun da nake jin kaina ya kai. Ɗan mai gumi daga bakin kogin Matan Fada yana zaune da masu rubuta dokokin Turai, ana tambayar ra'ayinsa ana rubutawa. Ƙanena ya ce Baba ya sa an buga hotona na wani taro an liƙa a zaure, duk wanda ya zo gaisuwa sai ya nuna masa. Akwai kuma ranakun da nake tambayar kaina wa nake wa wannan aikin. Najeriya ta yi dokar kare bayanan jama'a a 2023, na karanta ta daga farko har ƙarshe, amma matar da yatsanta ya ƙi hawa a ƙauyen Augie ko Gulma ba ta san akwai ta ba, kuma da Turanci take. Manomanmu tun shirin bashin noman shinkafa da aka ƙaddamar a Kebbi a 2015 suke ba da suna da lambar banki da hoton yatsa, ba wanda ya taɓa zaunar da su ya ce ga inda bayanan ke zuwa. Na gaya wa mai duba aikina ina so babi na huɗu ya koma kan wannan, in je gida in yi hira da mata masu gumi da masunta da 'yan fansho. Ta amince, amma kwamitin ɗa'ar bincike yana son kowa ya sa hannu a takardar yarda. Ina nan ina rubuta musu cewa a bar ni in karɓi yardar da baki, da Hausa, a naɗe a waya, domin ba zan sake miƙa wa tsohuwa takarda in ce ta dangwala yatsa ba.

Gida kuwa hidima ba ta ƙarewa. Ruwa ya ci gonar Baba ta fadama bara, bana ya ce ba zai sake cin bashin taki ba, ni zan saya. Ƙanwata Allah ya kawo miji, an sa rana bayan Sallah ƙarama, kuma kowa ya ɗauka yuro a bishiya ake tsinkarsa, ba su san rabin albashin a hayar ɗakin nan yake tafiya ba. Ban yi musu bayani ba, ba zan yi ba. Na riga na fara duba kuɗin jirgi. Inna ta aiko ƙanena ya gaya mini kada in sayo mata atamfa, tana da su, in dai zan zo in zo kafin a yi jere. Gwiwarta ta dama ce ke damunta yanzu, ta rage gumin zuwa buhu biyu a mako, kuma ta hana a gaya mini, ƙanen nawa ne ya faɗa bayan ta miƙa masa wayar ta shiga ɗaki.